Kwaɗo a cikin gorar roba

Ranar wata Juma'a cikin watan Agusta, a wani lungu da ke kusa da rijiyar Kusugu, na tarar da yara sun yi cincirindo a kan gorar lemo ta roba. Ƙananan kwaɗi uku ne a ciki, irin masu maƙalewa a jikin ciyawar bakin kududdufi. An murɗe murfin tam, an ajiye a rana, an marmasa musu tuwo. Biyu sun riga sun sandare. Mahaifin mai gorar na zaune kan tabarma, ko a jikinsa. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Malam, kwaɗo ne fa."

To, kwaɗon ne Annabi (SAW) ya hana a kashe, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Yaro mai gorar ya ce a waya ya ga Turawa na kiwonsu. Gaskiya ne, amma bai lura da irin gidan ba. Akwatin gilashi ne mai tsayi, rufinsa raga, da rassan hawa da ganye da ƙasa mai laima, a inuwa, ana fesa ruwa kullum. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, har numfashi yana yi ta nan. Shi ya sa ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ko hannun da ya taɓa sabulu ko man shafawa, kan illata shi. Tuwo kuwa ɓata lokaci ne: sai ƙwaro mai motsi yake ci, kamar gyare da ƙuda. Wa zai kamo masa su a hunturu, lokacin da leɓen mutum ma ke tsagewa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannun yaran. Kwaɗi na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi, ga shi da hannun nan ake komawa kwanon abinci. A wanke da sabulu, ba a tsoma a ruwa a goge a riga ba. Kududdufin da suke shiga kamun ma, a irinsa ake kwaso tsargiya.

Kwaɗo na ukun dai na sa an mayar da shi bakin ruwan da aka kamo shi, bayan la'asar, yaron na biye da ni yana ƙunƙuni.