Jar Hula a Zanen Mutanen Da: Sarauta, Addini da Tawaye

Idan mai zane ya ɗora wa mutum jar hula, da wuya a ce don ado kawai ya yi. Jan rini mai haske a da sai mai hannu da shuni. Turawa daga jikin wani ɗan ƙwaro na itatuwan yankin Bahar Rum suke samun mafi darajarsa, har zuwa lokacin da Sifaniyawa suka ci Meziko a 1521, suka fara kawo wani ƙwaron da ya fi shi ja. Sai an tara dubbansu, an shanya, an niƙa, kafin a rina ƙyalle ɗaya.

Shi ya sa jar hula ta fara da nuna matsayi. A 1433 Jan van Eyck ya zana wani mutum da jan ƙyalle naɗe a ka kamar rawani, naɗin ma ya fi fuskar cin wuri. Masana da yawa na ganin kansa ya zana, kuma hoton yana Landan. A Italiya, wajen 1470, Piero della Francesca ya zana Federico, mai mulkin Urbino, da jar hula da jar riga. Ta gefen hagu ya nuna shi, domin Federico ya rasa idon dama a wasan mashi bisa doki.

A coci kuma hular alamar muƙami ce. Paparoma Innocent na 4 ya ba manyan limaman da ake kira kadinal jar malafa a 1245. Daga baya masu zane suka riƙa ajiye ta kusa da Jerome, malamin da ya fassara Baibul zuwa Latin, alhali ya mutu tun 420, ƙarnuka kafin a san ta. Irin haka ta faru a Farisa. Mayaƙan da suka kafa daular Safawiyya a 1501 suna sa jar hula mai tsagi 12, adadin imaman Shi'a. A kwafin littafin Shahnama da aka ƙawata wa Shah Tahmasp, sai ga jaruman zamanin kafin Musulunci da rawani mai dogon tsini, sau da yawa ja, irin na fadar Safawiyya. Ke nan hula ta fi ba da labarin zamanin mai zane fiye da zamanin wanda aka zana.

Faransa ce ta juya lamarin. 'Yan juyin juya hali suka ɗauki jar hula mai lanƙwasasshen kai a matsayin tambarin 'yanci, har suka tilasta wa Sarki Louis na 16 sanya ta a watan Yuni na 1792. Ita ce a kan matar da ke ɗauke da tuta a sanannen zanen Delacroix na 1830, tana tafe bisa gawarwaki, talakawa na biye da ita.

Don haka kada a yi wa jar hula fassara ɗaya. A fara tambayar ina ne, kuma yaushe. Ko 'yar uwar jar darar da muke sawa ta ga sauyi. A 1829 Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na 2 ya wajabta ta ga ma'aikatansa da sunan ci gaba, a 1925 kuma shugaban Turkiyya Atatürk ya haramta ta a ƙasar da wannan sunan dai.