Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Rarrabe Ƙudajen Nama

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauci a Ƙofar Taramniya, ko ya leƙa mayanka a nan Sakkwato, ya ga wani babban ƙuda mai ruwan toka da jajayen idanu. Ya fi ƙudan gida girma. Ƙudan gida yana da zane huɗu a gadon bayansa, shi kuwa wannan baƙin zane uku gare shi. Shi muke kira ƙudan nama, masana kuma suna kiran danginsa Sarcophagidae. Akwai wajen iri 3,000 a duniya.

Abin mamaki game da shi, macen ba ta jira ƙwai ya ƙyanƙyashe a waje. A cikinta yake ƙyanƙyashewa, sa'an nan ta zuba tsutsotsi masu rai a kan mushe, ko kashi, ko gyambo. Wani iri mai suna Wohlfahrtia magnifica yana cin naman tumaki da raƙuma tun suna da rai, a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya.

To, ina ruwanmu da sanin irinsu? A ce an tsinci gawa a bayan gari. Tambayar farko ita ce, yaushe mutumin ya mutu? Tsutsar da ke jikinsa kamar agogo take, gama kowane iri yana da kwanakin da yake ɗauka kafin ya girma, kuma zafi yana gaggauta shi. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Idan aka san irin tsutsar da zafin wurin, za a iya ƙidaya kwanaki baya. Idan kuwa aka ɗauki wani iri a madadin wani, lissafi ya ɓaci, har a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

A nan wahalar take. Tsutsotsin sun yi kama da juna ƙwarai, haka ma matan. Namiji ne ake iya ganewa da sauƙi, shi ma sai gwani ya duba al'aurarsa da madubin ƙara girma. Dā can, dole a yi kiwon tsutsar har ta zama ƙuda, a yi ta jira makonni.

Maganin ya zo ta hanyar DNA, watau rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta. Haruffa huɗu ne kawai: A, C, G da T. Tsutsa da ƙudan da za ta zama, rubutunsu ɗaya ne. A 1983 Kary Mullis na Amurka ya gano hanyar da ake kira PCR, wadda ke kwafe ɗan guntun DNA sau miliyoyi. A 2001 Wells da Pape da Sperling suka nuna ana iya rarrabe ƙudajen nama ta wannan rubutu. Sa'an nan a 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawara a riƙa karanta wuri guda a jikin dukan dabbobi, wanda ake kira COI, mai haruffa wajen 650.

Ga yadda ake yi. A ɗauki tsutsa ko ƙafar ƙuda a sa cikin itanol mai ƙarfi, ba fomalin ba, gama shi yana lalata DNA. A fitar da DNA, a kwafe wurin nan, na'ura ta karanta haruffan. Daga nan a gwada da waɗanda ke ajiye a ma'ajiyar intanet irin su GenBank. 'Yan iri ɗaya bambancinsu kaɗan ne, na iri dabam kuwa ya fi yawa.

Amma fa mu lura. Ma'ajiya ba ta gane abin da ba a taɓa sa mata ba, kuma idan wanda ya fara sa sunan ya yi kuskure, kowa zai bi kuskurensa. Saboda haka har yanzu ana bukatar masu tara ƙudajen ƙasarmu, su ba su suna daidai, su auna kwanakin girmansu a irin zafinmu.

Ɗalibanmu masu son kimiyya, ga aiki yana jiranku. Ranar da aka aike ku sayen nama, ku tsaya ku ƙirga zanen bayan ƙudan da ya sauka: uku ne ko huɗu?