Tsara Karatun Yara a Gida a Birnin Riyad

A Saudiyya yaro kan shiga aji ɗaya yana da shekara shida. Kafin nan, wasu iyalai Hausawa mazauna Riyad sukan koyar da 'ya'yansu a gida, ganin tsadar makarantu masu zaman kansu. Dabara ce mai kyau, muddin an tsara shekarar bisa yanayin garin.

Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40, ba mai fita da yaro da rana. Lokacin zaman ɗaki ke nan: babbaƙu da farfaru, haddar gajerun surori, da ƙidaya. Uwa ta zube ƙwallayen dabino goma a faranti, ta ɓoye uku a hannu, ta ce, "Saura nawa?" Rabin sa'a da hantsi ya ishi ɗan shekara biyar.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu gari ya yi sanyi, sai a fita. Ga Gidan Tarihi na Ƙasa a unguwar Murabba, wanda aka buɗe a 1999. Ga fadar Masmak da Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902. A Dir'iyya kuwa yaro zai shafa bangon laka da hannunsa, a ba shi labarin ganuwar Kano da gidan kakansa. Jirgin ƙasan cikin gari da ya fara aiki a Disamba 2024 ya rage wahalar zirga-zirga.

Sai a duba kalandar Hijira, domin azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A watan Ramadan hidimar Riyad takan koma dare, yara su kwanta a makare, don haka a sassauta darasi. Mako kuma ya tashi daga Lahadi zuwa Alhamis, tunda Juma'a da Asabar ne ranakun hutu tun 2013, don yaro ya saba da tsarin makarantar da zai shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausa. Larabci yaro zai tsince shi a masallaci da wurin wasa, Turanci kuma a waya. Hausa kuwa in ba a gida ba, babu mai koya masa. A ware mata lokaci kullum: tatsuniya bayan isha'i, kacici-kacici, da gaida kaka ta waya ranar Juma'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da zarar yaro ya shiga aji ɗaya, yawancin yininsa ya bar hannun iyaye.