Aku Mai Figar Gashinsa

Jama'a, kowa ya san aku, tsuntsun nan mai launin toka da jar jela, mai kwaikwayon maganar mutane. Asalinsa ba tsuntsun ƙasarmu ta Arewa ba ne. Gidansa kurmi, watau kudancin Nijeriya, da Kamaru, da Gana, har zuwa Kwango. Daga can ake kawo shi. Ba safai aku ya kan ƙare kwanansa a hannun mutum ɗaya ba, gama in ya sami kulawa ya kan yi shekara 40, wani har 60. Mai shi ya rasu magada su ɗauka, ko ya yi ƙaura ya bar wa maƙwabci. To, a wannan sauyin gida ne wahala ta kan fara.

Sai ka ga aku ya zo sabon gida da gashinsa sumul. Bayan mako biyu ko uku a wayi gari ƙarƙashin keji duk gashi, ƙirjinsa ya zama fata tsura kamar kazar da za a dafa. Waɗansu su ce kambun baka ne. A'a, shi da kansa ya ke figewa da bakinsa.

Yaya za mu gane haka? Mu dubi kansa. Bakin aku ba ya kaiwa bisa kansa. Saboda haka in ƙirji da cinyoyi da ƙarƙashin fiffike sun zama fili, amma gashin kai yana nan lafiya lau, shi ne ya fige. In kuwa har da kai gashin ya zube, ko sabon gashi yana fitowa a murɗe, wannan cuta ce, sai a kai shi wurin likitan dabbobi. Kada kuma mu rikita figa da sāke gashi. Kowane tsuntsu ya kan zub da tsohon gashi kaɗan kaɗan, sabo ya maye, ba ya barin fata a buɗe.

Me ke sa shi wannan ɓarna? Mu tuna yadda ya ke zaune a kurmi. Aku ba ya zama shi kaɗai. Da dare su kan taru da yawa bisa dogayen itatuwa su kwana. Da gari ya waye su tashi, su yi tafiya mai nisa neman 'ya'yan itace, musamman kwakwar manja. Yini guda yana aiki da baki da ƙafa, yana fasa wannan, yana ɓare wancan. Ga shi kuma da basira. Wata malama a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi wani aku mai suna Alex a 1977, ta yi ta koya masa har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana faɗin launin abu da yawansa. To, mai hankali irin wannan aka raba shi da mutumin da ya saba da shi, aka kulle shi a keji cikin baƙin fuskoki, ba abokin hira, ba aikin yi. Tsoro da kewa su taru masa. Gyaran gashi kuwa shi ne aikin da ya rage masa, sai ya yi ta yi har ya wuce iyaka.

Abu na fari da za mu yi masa shi ne mu ƙyale shi ya huta. Mun sani wannan da wuya, domin ranar da aku ya shigo gida duk yaran unguwa za su cika tsakar gida, wannan ya tsokane shi da kara, wancan ya ce sai ya yi magana. A hana su. A ajiye kejin a jikin bango, a inuwa, inda zai riƙa ganin mutanen gida suna kai da kawowa, amma ba a kan hanya ba, nesa da kyanwa. A rufe gefe guda da tsohon zane don ya sami wurin ɓuya. Kejin kuwa ya zama mai faɗi, yadda zai buɗe fikafikansa duka biyu ba su taɓa ƙarfe ba. In akwai hali a tambayi tsohon gidansa abin da ya saba ci, a karɓo ma kwanonsa da sandar da ya ke tsayawa a kai. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ba shi abinci, safe da yamma, lokaci ɗaya kullum, yana yi masa magana a hankali. Kada a sa hannu a kamo shi. Ranar da ya yarda, shi zai matso ya karɓi abu daga yatsunka.

Ga wani kuskure da kusan kowa ke yi. Aku ya kama gashi zai fige, sai a ruga a guje, a daka masa tsawa. Shi kuwa abin da ya ke nema ke nan, a kula da shi. Sai ya koyi cewa in ya fige gashi mutane za su zo. Mu juya abin. In yana figa mu kau da kai. In ya kama wasa, ko yana cin abinci, sa'an nan mu zo mu yabe shi.

Mu ba bakinsa aiki. A sa masa ɗanyen reshen gwaba ya yi ta ɓarewa, ko masara da bawonta, ko zangarniyar gero. A ƙunsa 'yar gyaɗa a takarda ya sha wahala kafin ya kai gare ta.

Zancen abinci kuwa, yawancin akun da ke gidajenmu gyaɗa kaɗai su ke ci. Gyaɗa mai ce da yawa, ba ta da abin da fata da gashi ke bukata, in kuma ta yi fumfuna guba ce. A rage ta ƙwarai. A ba shi gwanda, da mangwaro, da karas, da kabewa, da dafaffen dankali, da ganyen zogale, da dawa ko gero, wani lokaci da ɗan dafaffen ƙwai. Ba zai karɓi sabon abinci rana ɗaya ba, zai watsar, a ci gaba da sa masa. Amma fiya, watau avokado, tana kashe aku. Haka nan kada a ba shi goro, ko shayi, ko cakulan, ko abinci mai gishiri, ko da ya yi ta roƙo.

Kurmi wuri ne mai laima, mu kuwa da hunturu iska ta kan bushe har leɓe ya tsage. Fatar aku ma ta kan bushe ta yi ƙaiƙayi. A yayyafa masa ruwa mai tsabta da hantsi, ko a sa masa faffaɗan kwano ya yi wanka, ya bushe kafin sanyin yamma. Hayaƙin murhu, da na taba, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, duk suna cutar da huhunsa. Barci kuma yana bukatar awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru.

In ya karya sabon gashi jini ya zubo, a danna wurin da garin masara har ya tsaya. In ya fara cizon naman jikinsa, ko ya daina ci, ko ya kumbura gashi ya yi lamo, kada a jira gobe, a tafi asibitin dabbobi. Mai share keji kuma ya yayyafa ruwa tukuna don kada ƙurar kashin ta tashi, ya wanke hannu da sabulu, gama akwai zazzaɓin da mutum kan ɗauka daga aku.

Sabon gashi ya kan fara tsirowa cikin 'yan makonni, amma barin halin ya kan ɗauki watanni. Wurin da aka daɗe ana figa, wani lokaci ba ya sake tsirowa. Kada wannan ya sa a sayar da shi, domin kowane sabon gida ƙarin tsoro ne gare shi.

Kada kuma a ce za a sayo masa aboki daga kasuwa. Aku yana ƙarewa a daji saboda kamu da sare kurmi. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A shekarar nan ta 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg, suka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ke hannunmu, mu za mu zama abokan hirarsa, ko da rabin awa ne da safe, rabin awa bayan la'asar.