Yadda Ake Gane Jabu a Cikin Tsofaffin Kuɗi

Yau ina so in ɗan yi bayani a kan wani sha'ani da na daɗe ina sha'awa, watau tara tsofaffin kuɗi na ƙarfe, irin su anini da ɗari da kwabo mai huji da sule, waɗanda aka yi ciniki da su kafin zuwan Naira a 1973. A ƙasashen Turai da Amurka wannan sha'ani ya zama babbar kasuwa, har kwabo guda yakan yi kuɗin gida. To, duk inda riba ta yi yawa ba a rasa macuta.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ba tsufa kaɗai ke sa kuɗi tsada ba, ƙarancinsa ne. Sau da yawa kuwa bambancin kwabo mai tsada da na banza bai wuce lamba ɗaya a cikin shekara ba, ko wani ɗan harafi da ke nuna garin da aka buga shi. A nan macuci yake yin aikinsa, a nan kuma ya kamata mai saye ya sa ido.

Jabu iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka ƙera tun daga tushe, galibi ta hanyar zubi, kamar yadda maƙeran farfaru suke zuba munduwa. Kuɗin gaskiya ba zuba shi ake yi ba, inji ne ke buga shi da ƙarfi a tsakanin hatimi biyu, shi ya sa rubutunsa ke fitowa tsaf. Na zubi kuwa rubutunsa a dushe yake, jikinsa da ƙananan ramuka, wani lokaci kuma za ka ga layi a gefensa, wurin da ɓari biyu suka haɗu. Iyayenmu sun san wannan tun tuni, don sukan jefa sule a kan dutse su saurara: azurfa tana da amo mai tsawo, dalma kuwa sai ta ce tim. Amma ban ba kowa shawarar ya gwada haka da kuɗi mai daraja ba, gama tabo ɗaya yana karya farashinsa.

Iri na biyu ya fi haɗari, domin kuɗin na gaskiya ne, taɓa shi kawai aka yi. Ga misali daga Amurka. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana bukatar jan ƙarfe don kayan yaƙi, sai gwamnati ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe aka shafe shi da tutiya. Bisa kuskure wasu 'yan kaɗan suka fito da tagulla irin ta da, suka zama abin nema. Macuta suka tashi. Waɗansu suka ɗauki na baƙin ƙarfen suka rufe shi da jan ƙarfe. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka kusanto da maganaɗisu, in ya kama, to jabu ne. Sikeli ma zai tona asiri, don na tagulla giram 3.11 ne, na baƙin ƙarfe kuwa giram 2.7. Waɗansu da suka fi wayo sai suka nemi kwabon 1948, wanda dama na tagulla ne, suka kankare gefen hagu na lambar 8 ta koma 3. Wannan maganaɗisu ba zai kama shi ba, sikeli ma zai gaskata shi. Sai dai lambar 3 ta gaske a kwabon 1943 tana da doguwar wutsiya da ta sauka ƙasa, ta macucin kuwa a dunƙule take kamar rabin 8. Wanda bai taɓa ganin ta gasken ba, ina zai gane?

Haka kuma akwai kwabonsu na 1909 mai harafin S da haruffan VDB, wanda guda 484,000 kawai aka buga a San Faransisko. Macuta sukan sami wanda ba shi da S, su liƙa masa harafin. In ka duba da gilashin mai gyaran agogo, sau da yawa za ka ga alamar liƙi a gindin harafin, ko launin wurin ya saɓa da sauran.

Akwai kuma wata cuta wadda kuɗin ba jabu ba ne, labarin da ake sayar da shi ne ƙarya, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Liyari, wanda kakanninmu mata suke ado da shi, yana ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da shekarar 1780. Mai talla zai ce maka ya haura shekara ɗari biyu. Alhali 1780 shekarar rasuwarta ce, kuma tun daga lokacin aka ci gaba da buga shi ba a sake shekarar ba, a Biyana, daga baya har da Landan da Rum da Bombai. Abin da za ka auna a liyari shi ne nauyinsa, giram 28 da 'yan kai, mafi yawansa azurfa. In ya gaza haka da yawa, ka mayar wa mai shi.

Kwabon Afirka ta Yamma na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ma haka ne. Sarkin nan bai cika shekara a kan gado ba ya yi murabus, kuma a Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ba. Don haka mutum zai zaci ya tsinci dukiya. Amma don ƙasashenmu miliyoyi aka buga, ana samunsa da araha.

Ni dai kayan aikina huɗu ne: maganaɗisu, ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, gilashi, da littafin da ya jera nauyi da faɗin kowane kuɗi. In kun tsinci tsohon kwabo a adakar kaka, kada ku goge shi da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli. Masu saye sun fi son sa da duhunsa, kuma gugar tana share alamun da za a duba.