Hakin Mai Jego: Abin da Bincike Ya Gano Daga Zariya Zuwa Kano

Mai jego za ta ce ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi biyu ko uku. Tsakar dare ta farka tana neman iska, ga tari, ga ƙafafu sun kumbura har in an danna yatsa wurin ya lotsa, ya jima bai ciko ba. Abin da ta fi ji daga mutanen gida shi ne, "Gajiyar haihuwa ce, za ta wuce," ko a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Alhali sau da yawa zuciyarta ce ta gaza.

Ciwo ne da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ba tare da ta taɓa yin ciwon zuciya ba. Tsokar zuciyar ce ke saki. Lafiyayyiyar zuciya takan tura fiye da rabin jinin da ke ɗakinta na hagu a kowane bugu, amma a wannan hali abin da take turawa bai kai kashi 45 cikin 100 ba, wani lokaci ma ko rabin haka. Jini ya taru a baya, ruwa ya kwanta a huhu da ƙafafu. A Amurka akan sami mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A ƙasar Hausa kuwa kusan ɗaya ce cikin 100, kuma babu inda aka san ciwon ya kai haka yawa a duniya.

Tun shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bibiyi mata 224 a Zariya, suka wallafa sakamakonsu a 1978. Hankalinsu ya fi karkata ga al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Hujjarsu tana da ƙarfi. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Shekaru da dama wannan bayani ake koya wa ɗaliban likitanci har a ƙasashen Turai.

Daga baya aka sake duba lamarin da na'urar hoton zuciya. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranci bincike a asibitoci 22 na Najeriya, aka tattara bayanan mata masu ciwon fiye da 400, aka fitar da sakamakon a 2020. Mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suke, a wani asibiti a Kano kuma an sami mai ciwon ɗaya cikin haihuwa 96. Sai dai da aka kwatanta su da masu jegon da ke lafiya, wankan jego da kunun kanwa ba su ne suka bambanta su ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jinin ciki irin wanda ke kai wa ga jijjiga.

A ganina wannan ne ya kamata ya hana mu barci. Ɗora laifi a kan tukunyar wanka abu ne mai sauƙi, ba ya cin kuɗin kowa. Amma a ce yarinya ta shiga ciki da yunwa a jikinta, ba ta je awo ba, ba wanda ya taɓa gwada jininta, wannan magana ce da ta shafi miji da hukuma da mu duka. Ba wai an wanke kanwa ba ne. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana, kanwa da gishiri ƙara mata kumburi za su yi, kuma likita zai hana ta.

Akwai wasu hanyoyin bincike da ake bi. A Yamai, tun 1992 aka lura masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, aka kuma ga haka a Kano. A Jamus, binciken 2007 ya nuna wani gutsure na sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya lahanta zuciya, shi ya sa aka gwada maganin bromocriptine a Afirka ta Kudu, aka ga alamun nasara. Matsalarsa ita ce yana ƙafar da nono, a gidan da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu kuwa, wannan barazana ce ga jariri.

Magungunan gazawar zuciya da na rage ruwa suna aiki, mata da yawa zuciyarsu kan murmure cikin watanni idan an fara da wuri. Wadda hoto ya nuna tata ba ta dawo daidai ba, sabon ciki na iya zama ajalinta, don haka likitoci ke so a zauna da ita da mijinta a yi maganar tazarar haihuwa tun kafin a sallame ta.