Ziyarar Kufai: A Je Da Ido, A Bar Hannu

Kufai shi ne wurin da mutane suka taɓa zama, sannan suka tashi. Akan gane shi da tsohuwar ganuwa, ko kukoki, ko rijiyoyin marina, ko fasassun tukwane. Manoman ƙasar Batsari da Safana sun san irin waɗannan wurare. Wani ma a gonarsa yake turo katanga da garma. Da yawa ba sa ɗaukar su a bakin komai. Amma a wasu ƙasashe, mutane kan biya kuɗin jirgi don su je kallon kufai.

Kufan Maya

Maya wata al'umma ce a ƙasashen Meziko da Gwatamala, kudu da Amurka. Sun gina manyan birane da duwatsu fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Suna da rubutunsu da lissafin kwanakinsu. Daga baya aka watse daga biranen, daji ya cinye su. Jikokinsu suna nan har yau, suna noman masara.

Ɗaya daga cikin biranen shi ne Cicen Itsa. A tsakiyarsa akwai wata dala mai fuska 4. Kowace fuska tana da matakala 91. In aka haɗa da dandalin sama, sun zama 365, wato yawan kwanakin shekara. Baƙi masu ɗimbin yawa kan je can kowace shekara. Masu abinci da direbobi da 'yan rakiya duk suna samun na cefane. A da akan hau dalar, amma yanzu an hana, don kada ƙafafun jama'a su cinye ta.

Namu na gida

Jihar Katsina ma tana da nata. Mutumin Batsari yakan shiga birni ta Ƙofar 'Yanɗaka. Na Safana kuwa yakan bi ta Dutsin-ma, ya shiga ta Ƙofar Ƙwaya. A cikin birni zai ga Hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne, tsawonsa kamar ƙafa 50, ya kuma yi ɗaruruwan shekaru a tsaye.

Daga nan sai gidan tarihi. Yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Gabas da birni, a ƙasar Mani, akwai Durɓi Ta Kusheyi. Tudunan ƙasa ne, a ƙarƙashinsu aka binne manyan mutanen da. Tarihin baka ya ce Durɓawa ne suka fara mulkin Katsina. A 1907 wani Bature mai suna Palmer ya tona wasu tudunan, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1959 gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa. A 1992 masana daga Jamus da Nijeriya suka tona tudu 3.

Sun sami 'yan kunne na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri. Sun kuma sami tasa wadda aka ƙera a ƙasashen Larabawa. Wannan ya nuna cewa Katsinawa suna ciniki da ƙasashe masu nisa fiye da shekara 500 da suka wuce.

Me ya sa aka hana tono?

Masana ba sa tono da gaggawa. Sukan kankare ƙasa kaɗan-kaɗan. Sukan rubuta inda kowane abu yake, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi. Abin da ke ƙasa ya girmi na sama. Sukan kuma gwada ƙashi da gawayi, su san shekarunsu. Don haka tudu kamar littafi yake. Wanda ya tona shi da dare ya yayyaga littafin, ba mai iya karanta shi kuma.

Akwai dillalai masu yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya. Sukan ba talaka 'yan kuɗi kaɗan, su kai waje su sayar da tsada. Kuɗin su ƙare a kasuwa ɗaya, tarihin gari kuwa ya tafi ke nan. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana wannan ciniki. Wanda ya tsinci wani abu a gona, ya sanar da mai unguwa ko dagaci. Su za su kai maganar ga hakimi da ma'aikatan gidan tarihi.

Abin da mai ziyara zai kiyaye

1. Ya fara tambayar lafiyar hanya. An sha fama da 'yan bindiga a yankin Dajin Rugu. Kada a shiga daji don neman kufai. A tafi da hantsi, a dawo da rana tsaka.
2. Ya fara gaida mai gari, ya nemi ɗan rakiya. Baƙo ko da ido makaho ne.
3. Ya fi kyau a je da rani, lokacin da ciyawa ta bushe. A riƙe ruwan sha, a yi hattara da macizai.
4. Kada ya hau ganuwa, ko ya ɗebi ƙasarta don yin tubali. Kada ya yi rubutu a jikin bango.
5. Kada ya ɗauki ko katanga ɗaya. Inda akwai kabari, ya girmama shi.
6. Ya tafi da littafi da fensir.

Wannan na ƙarshe aikin 'yan ajin yaƙi da jahilci ne. A tambayi tsofaffi sunan kufan da ke kusa da gari. Su wa suka zauna a can? Me ya tashe su, yaƙi ne ko fari? Ina suka koma? A rubuta amsar, a kai wa malamin aji, a karanta wa yara. Abin da aka rubuta ba ya bin tsoho kabari.